Koya wa Yara Zana Furen Daji da Ɗige-Ɗige a Ostireliya

A Ostireliya, watan Satumba ne hunturu ke naɗe tabarmarsa, daji kuma ya ɓarke da furanni. Jihar Yammacin Ostireliya kaɗai tana da irin furen daji sama da 12,000, fiye da rabinsu kuma ba sa tsirowa a ko'ina a duniya sai can. A wannan lokaci malaman firamare da dama kan sa yara su zana furannin da ɗige-ɗigen fenti, salon da duniya ta san mutanen Aborijin da shi, wato 'yan asalin ƙasar. Wanda ya leƙa ajin ta taga zai ce ai wannan wasa ne: a tsoma tsinke a fenti, a dangwala a kwali, ɗan shekara biyar ma zai iya. Aikin gaske yana wuri biyu da ba a gani a jikin kwalin. Dole yaro ya ƙare wa furen kallo kafin ya taɓa fenti, kuma dole ya san gidan da aka aro salon, da abin da masu gidan suka yarda a ara.

Inda salon ya fito

Abin sha'awa, a bangon wata makarantar firamare a Papunya wannan zane na zamani ya soma. Papunya ƙauye ne a tsakiyar hamada, kimanin kilomita 240 arewa maso yamma da garin Alice Springs, inda gwamnati ta tattara mutanen Pintupi da Luritja da Warlpiri da Anmatyerre da wasunsu. A 1971 wani malami mai suna Geoffrey Bardon ya lura yara na zana alamomi a yashi da yatsa, sai ya so a ɗora irinsu a bangon makaranta. Aikin bai tsaya hannun yaran ba. Manya ne suka karɓe shi, irin su Kaapa Tjampitjinpa da Billy Stockman da Long Jack Phillipus, suka zana labarin tururuwar zuma da izinin dattawan da ke riƙe da labarin. Daga nan suka koma zane a kan katako da yadi, a 1972 kuma suka kafa kamfaninsu, Papunya Tula, wanda har yau yana nan a hannunsu.

Alamomin sun daɗe kafin bangon. Dubban shekaru ana zana su a ƙasa, a jikin duwatsu, da jikin mutane lokacin bukukuwan ibada. Kowane zane yana ɗauke da labarin yadda kakanni na farko suka ratsa ƙasa suka bar rijiyoyi da tuddai da dokoki, abin da mutanen hamadar yamma ke kira Tjukurrpa. Labarin kuma gado ne, yana da masu shi. Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba, tunda ya san ba a kaɗa wa kowa tambari sai sarki, ba a kuma ɗaukar taken wani gida a yi wa wani. Da zanukan farko suka fita kasuwa, dattawan wasu al'ummomi sun fusata ganin an bayyana abubuwan da bai kamata wanda ba a shigar da shi cikin sirrin ba ya gani. Masu zanen suka janye waɗannan siffofi, wasu kuma suka lulluɓe su da ɗige-ɗige. Wannan na cikin dalilan da suka sa ɗigon ya yawaita har ya zama tambarin salon.

Akwai abu guda da ya kamata malami ya faɗa wa yara tun ranar farko. Lokacin da Turawan Ingila suka sauka a 1788, ana magana da harsuna fiye da 250 a ƙasar, kuma ba dukkan masu harsunan ne ke ɗige-ɗige ba. Mutanen yankin Arnhem a arewa sun shahara da siraran layuka masu gittawa a kan ɓawon itace. Na yankin Kimberley suna da siffofin Wandjina masu manyan idanu marasa baki. Ɗige-ɗigen da aka fi sani na mutanen hamadar tsakiya da ta yamma ne.

Mataki na farko, neman izini

Saboda haka darasin daga wajen aji yake farawa. Malami ya fara sanin a ƙasar waɗanne mutane makarantarsa take zaune. In a Perth ne, ƙasar Noongar ce. In a Adelaide ne, ta Kaurna. In a tsakiyar Sydney ne, ta Gadigal. Sai ya nemi wani dattijo ko mai zane daga cikinsu ya gayyato shi, a kuma biya shi ladan lokacinsa kamar yadda ake biyan kowane gwani. Yara a can suna kiran irin waɗannan dattawa da kalmomin Kawu da Gwaggo don girmamawa, ko da babu dangantaka ta jini, kamar dai yadda muke yi.

Bakin masu abin ma bai zo ɗaya ba. Wasu na ganin bai dace a sa yara su yi ɗige-ɗige ba sai in ɗan gadon salon ne ke gaban aji. Wasu kuma sun yarda, muddin an faɗi asalin abin, ba a kuma kwaikwayi zanen wani ba. Matambayi ba ya ɓata: abin da mutanen wurin suka ce, shi malami zai bi. Inda aka yarda, ƙa'idar da aka fi riƙewa ita ce a ari dabarar hannu, a bar labari da alamominsa ga masu su. Da'irori masu zagaye juna da ke nuna rijiya ko zango, da alamar kofaton doki da ke nuna mutum a zaune, da sawun dabbobi, malami zai iya nuna su a hoto ya bayyana ma'anarsu, amma kada ya rubuta su a allo ya ce a kwafa. Maganar ta taɓa kaiwa kotu. A 1994 Kotun Tarayya ta Ostireliya ta hukunta wasu 'yan kasuwa da suka sa aka saƙa dardumomi a Biyetnam da zanukan su George Milpurrurru da Banduk Marika ba da izini ba, kuma da za ta yanke diyya ta yi la'akari da cin fuskar da aka jawo wa masu zanen a cikin jama'arsu.

A nan fure yake da amfani. Yaron da ya zana furen da ya gani da idonsa a bayan ajinsu yana da nasa abin faɗa, ba ya bukatar ɗaukar na wani. Duk da haka a yi tambaya, domin wasu itatuwan ma suna da alfarma. Mutanen Noongar suna girmama bishiyar moodjar mai fure ruwan goro, suna danganta ta da rayukan mamatansu, ba a tsinke furenta.

Mataki na biyu, kallon fure

Zama na farko babu fenti. A fita da yara harabar makaranta ko wani lambu, kowa da fensir da 'yar takarda, in da hali da gilashin ƙara girman abu. Ba a tsinke fure. A gandun daji na gwamnati laifi ne, a Yammacin Ostireliya kuma sai da lasisi. A durƙusa a gabansa kawai.

Malami ya riƙa jefa tambayoyin da amsarsu ke jikin furen. Launi nawa kuke gani? Ina ya fi duhu? In an kalle shi ta sama, wace siffa ce? Yaro zai ce furen bishiyar watil rawaya ne, shi ke nan. A ba shi gilashi ya sake dubawa. Zai ga kowane ɗan ƙwallo mai gashi-gashi ashe tarin ƙananan furanni ne, goma-goma a cure wuri ɗaya, gefen da rana ke bugu ya yi haske, ɗaya gefen ya ja kamar ruwan ɗorawa. Da kansa zai gane furen ma ɗige-ɗige ne. Daga wannan lokaci salon ya daina zama ado da aka liƙa wa fure, ya koma hanyar faɗin abin da ido ya gani.

Furanni biyar ne suka fi daɗin koyarwa, kowanne da darasinsa. Watil mai ruwan zinariya, wanda aka ayyana furen ƙasa a 1988 kuma ake bikinsa kowace ranar 1 ga Satumba, shi ya fi sauƙi, ganyensa kamar lauje. Warata, furen Jihar New South Wales, jajawur ne, girmansa kamar dunƙulen hannun babba, furanninsa a jere da'ira bayan da'ira, sunansa ma daga harshen mutanen asalin Sydney aka samo shi. Bankisiya tsaye take kamar gajeriyar zangarniyar gero, da ɗaruruwan furanni layi-layi. An sa mata sunan Joseph Banks da ya zo tare da Kyaftin Cook a 1770, amma tun kafin zuwansa mutanen ƙasar ke jiƙa furenta a ruwa su sha zaƙi. Waken hamada na Sturt, furen Kudancin Ostireliya, yana yaɗo a ƙasa, ja ne da baƙin kumburi mai sheƙi a tsakiya kamar ido. Sai dagin kangaru, furen Yammacin Ostireliya, mai jan kara da koren fure mai gashi da ke buɗewa kamar 'yan yatsu.

Kowane yaro ya zaɓi ɗaya, ya zana siffarsa da fensir sau biyu, sau ɗaya ta gefe, sau ɗaya ta sama. Kallon sama yana da muhimmanci, domin masu zanen hamada haka suke nuna ƙasa, kamar yadda shaho ke ganin ta.

Mataki na uku, kayan aiki da koyon ɗigo

Kayan ba su da tsada. Ana bukatar kwali mai kauri, da fentin akirilik, wanda mutanen Papunya ma shi suka rungume saboda saurin bushewarsa. Abin dangwale kuwa iri uku ya isa: gindin fensir don manyan ɗigo, tsinken goge kunne mai auduga don matsakaita, da gindin tsinken tsire don ƙanana. Ga 'yan ƙasa da shekara bakwai, a datse tsinin tsinken tukuna. A zuba fenti a murfin kwalba ko ramukan kiret ɗin ƙwai, kowane launi da nasa tsinken. Yara su sa tsofaffin riguna, domin akirilik in ya bushe a tufa ba ya fita.

A taƙaita launi. Huɗu ko biyar sun isa kowane yaro, in suka wuce haka sai kwalin ya koma caɓi. Wannan ne lokacin da ya dace a nuna wa yara launukan da aka fara da su: jar ƙasa, rawayar ƙasa, farar ƙasa da baƙin gawayi. In dattijon da aka gayyato ya zo da dutsen jar ƙasa ya goga shi da ruwa a gabansu, sun ga inda fenti ya samo asali.

Kaurin fenti ya zama kamar kindirmo. In ya yi ruwa, ɗigon zai baje ya haɗe da maƙwabcinsa. In ya yi kauri da yawa, zai tashi da tsini kamar ƙaya. Riƙon tsinke kuwa irin riƙon taɓarya ne, a tsaye cak. A tsoma bakinsa kaɗan, a sauke, a ɗaga sama kai tsaye, ban da ja. Kafin a taɓa kwalin gaske, a ba kowa tarkacen takarda ya yi gwaji uku. Na farko layi miƙaƙƙe, tsakanin ɗigo da ɗigo ratar ƙwayar gero. Na biyu da'ira, a fara da ɗigo ɗaya a tsakiya a riƙa zagaye shi. Na uku shi ne wanda yara suka fi so: a tsoma sau ɗaya a dangwala sau biyar a jere ba tare da an koma ga fenti ba. Ɗigon zai riƙa ƙanƙancewa da kansa. Da wannan ake yin bakin ganye da tsinin fure.

Mataki na huɗu, zanen kansa

A shafe kwalin da launi ɗaya mai duhu, baƙi ko ruwan ƙasa ko jan da ya ja duhu, a bar shi ya kwana. Duhun ne ke sa ɗigo mai haske ya fito ras. Washegari yaro ya zana siffar furensa da alli, babba, ta cinye fiye da rabin kwalin. Yara kan yi ɗan mitsitsin fure a tsakiya, sannan su rasa inda za su sa ɗigo. A ce musu furen ya kai faɗin tafin hannunsu a buɗe, ko ya fi.

Sai a bi layin allin da ɗigo masu haske, a fitar da iyakar furen. Daga nan a shiga ciki, kowane fure da tasa hanyar. Mai watil ya sa babban ɗigo ruwan ɗorawa a tsakiyar kowane ƙwallo, ya zagaye shi da rawaya mai haske, ya watsa ƙanana farare-farare a gefe don gashin. Mai warata ya fara daga ƙoli da ƙananan ɗigo ja mai duhu, ya riƙa faɗaɗa da'ira yana ƙara girman ɗigon yana hasko jan. Mai bankisiya ya jera layuka a gicciye, ɗigon kowane layi ya faɗa tsakanin biyu na layin ƙasa, kamar jerin tubali. Yawancin bankisiya daga ƙasa suke fara buɗewa zuwa sama, don haka launin gindi ya bambanta da na kai, yaron da ya kalla da kyau ya riga ya san haka. Mai waken hamada ya yi amfani da dabarar ƙanƙancewar ɗigo wajen dogayen jajayen kunnuwan, ya cika tsakiya da baƙi, in ya bushe ya ɗora fari guda ɗaya tak a gefe don sheƙin.

A kowane aji akwai wanda zai tsoma tsinke har wuya, ya yi ta caccakar kwali kamar kaza na tsince hatsi, kafin a ankara ɗigo goma sun haɗe sun zama kududdufi. Zai ɗago yana shirin kuka, hannu na neman gogewa. A riƙe hannun. Gogewa ita ke ɓata aiki gaba ɗaya. A bar wurin ya sha iska kamar minti goma, a shafa launin kwalin a kai, a sake. Akwai kuma wanda gefen hannunsa ke kwasar fentin da bai bushe ba. Shi a nuna masa ya fara daga sama ya gangaro, ko ya riƙa juya kwalin yadda ɗanyen fenti zai kasance nesa da shi. Tsinken auduga in ya yi buzu-buzu a jefar, a ɗauki sabo.

Bayan fure sai filin da ke kewaye da shi. Nan ne yara ke gajiya, nan ne kuma zanen ke samun rai. A tambayi yaro a kan me furensa ya tsiro, yashi ne ko tsakuwa ko busassun ganye, sai ya zaɓi launuka biyu masu sanyi ya bi gefen furen da layukan ɗigo suna faɗaɗa kamar ruwan da aka jefa wa tsakuwa. Ƙanana su bar filin da sarari. Manya 'yan shekara goma su gwada ɗora ɗigo a kan ɗigo bayan na ƙasa ya bushe, dabarar da Johnny Warangkula Tjupurrula ya yi suna da ita a zanukansa na ruwan sama. Kada a matsa a gama a zama ɗaya. Zama uku ko huɗu na minti arba'in ya fi, da yayyafi kogi kan cika. Malamai kan lura cewa in aka yi nisa ajin kan yi tsit, ba ka jin komai sai ƙaramar ƙarar tsinke a kan kwali.

A tsakiyar aikin yana da kyau a nuna wa yara hotunan matan yankin Utopia, waɗanda tsirrai ne jigon zanensu. Sun fara da rinin batik a 1977. Emily Kame Kngwarreye ta koma fenti a kan yadi wajen 1988, tana dab da shekara 80, ta kuma yi dubban zanuka kafin rasuwarta a 1996, da yawansu a kan wata doyar daji da furenta da irinta. Sunanta Kame ma daga wannan tsiro ne. Gloria Petyarre ta ci kyautar Wynne a 1999 da zanen ganye. A nuna su don yara su ga zurfin sanin da ke bayan hannun, a kuma faɗi sunan mai zanen da na jama'arta kowane lokaci.

Mataki na ƙarshe, suna

In komai ya bushe, a goge ragowar alli da ɗanyen tsumma. Kowane yaro ya rubuta 'yar takarda da za a liƙa ƙarƙashin zanensa: sunan furen, da sunansa a harshen mutanen wurin in dattijo ya faɗa ya kuma yarda a rubuta, da inda ya gan shi, da layi ɗaya mai cewa ya koyi dabarar ɗigo daga aikin masu zanen hamada. Ba a kiran aikin zanen Aborijin sai in mai shi ɗan Aborijin ne, ba a kuma sayar da shi da wannan suna a kasuwar makaranta. In za a baje kolin, a gayyato dattijon da ya taimaka ya fara gani.

Malamin da ke Katsina ko Damagaram da ya karanta wannan ba sai ya nemi warata ba, dangin furannin suna ƙofar gidansa. Ƙwallayen furen bagaruwa masu rawaya tamkar na watil ne, domin zuriyarsu ɗaya. Bishiyar turare da ke jere a bakin hanyoyinmu daga Ostireliya aka kawo ta, furenta tsintsiyar siraran gashi ce da ta dace da ƙananan ɗigo. A wajen Maraɗi ma manoma sun shuka wasu watil na Ostireliya, suna niƙa 'ya'yansu su haɗa da garin gero. Zai iya gaya wa yaransa labarin Papunya ya ambaci masu salon, sannan ya aika a kira mai zanen ƙwarya ko maginin da ke yi wa soraye ado a unguwar, ya zo ya faɗi sunan kowace alama da gidan da ya gaje ta. Bayan haka a fita da yara gindin bagaruwa, kowa da fensirinsa, a ƙirga launukan da ke jikin ƙwallo ɗaya.